Takalman Aro

Mushe Nomau ya zo rumfata da hantsi,
garin alli a hannun rigarsa.
Ya ce, Baduku, ara mana takalma.
Na ce, ƙafa nawa?
Ya ce, duk waɗanda masu su ba su dawo karɓa ba.

Buhu uku na jawo daga ƙarƙashin teburi,
mantuwar Maradi ta shekara goma sha ɗaya:
silifa mai tsinkakken hanci,
sau-ciki da ya buɗe baki kamar zai yi magana,
fade na wani ango da bai biya ni ba.
Na ce a ƙirga, kada a yi mini yahudanci.
Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana.
Sannan ya ɗaure buhu a bayan keke.

Daren Asabar, gidan samari.
Wuta ta ɗauke, kamar yadda ta saba,
'yan kabu-kabu biyu suka haska dandali da fitilunsu.
Ga hajata a tsibe kan siminti
kamar dalar gujiya,
ba ƙafar kowa a ciki.

Yaran lakwal suka shigo ƙafa tsirara,
tauraro ruwan ɗorawa na kwali a ƙirjin kowa.
Benci biyu ne jirgin ƙasa.
Wani yaro na ƙwanƙwasa garwa a hankali,
mu da jirgi bai taɓa kai mu ko'ina ba
muka ji shi yana bi ta haƙarƙarinmu.

Tsahara ɗiyata, mai gunaguni in an sa ta wanke-wanke,
ta durƙusa gaban tsibin.
Kowane takalmi ta ɗaga, sai ta kira suna.
Miryam. Yosef. Dawid.
Sara. Yitshak.
Tsohuwar da ke gefena, mai ƙosai a Bagalam,
ta taɓa ni da gwiwar hannu:
Ai sunayen gidanmu ne, harshe ne ya ɗan karkata.

Aka ce miliyan shida.
Ni lissafina bai wuce jikka ba,
amma na san takalmi.
Wanda dunduniyarsa ta cinye a hagu, mai shi ɗan dako ne.
Wanda aka ɗinke sau uku, gidansu ba wani.
Takalmi ba ya zuwa wuri shi kaɗai.
Wani ya kawo shi, ya tuɓe,
an ce masa wanka zai yi ya fito.

Can baya wani saurayi ya miƙe:
To su fa, abin da suke yi?
Aka yi tsit, har injin babur ya ji kunya.
Mushe Nomau ya laluba cikin tsibin
ya fiddo ɗan jan takalmi, bai kai tafin hannu ba.
Ya ce, wannan ce su?
Ka yi kukan wanda kake wa kuka, ba mai hana ka.
Amma gaya mini abin da wannan ta yi.
Saurayin bai zauna ba, bai kuma fita ba.

Na san takalmin.
Wata mata ta kawo shi da damina, maɓalli ya fita,
ta ce jibi.

Litinin aka maido buhuna, ƙirge cif.
Na shiga babbar kasuwa sayen fata,
Alhaji Na-Allah ya ƙara dala ɗari kan kowace.
Kalmar ta taso kamar yadda ta saba tasowa
tun ina yaro a rumfar ubana,
ta zo bakin harshe
sai na ji ta kamar ƙusa da ta huda tafin takalmi.
Na ce, Alhaji, ka tsananta.
Ya yi dariya, bai rage ba.

Ɗan jan ban maida shi buhu ba.
Na sa masa maɓalli, na goge shi,
yana kan teburi kusa da gwangwanin ƙusa.
Jiya wata ta tambayi kuɗinsa.
Na ce, da mai shi.